Masu tura waƙoƙi a kasuwannin iyaka: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko ta Birnin Ƙonni ranar Laraba, ko kuma yakan tsallaka Illela da Jibiya ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ya san rumfunan nan da ba a rasa su kusa da tasha: tebur guda, kwamfuta guda, lasifika na ta ɓarin kiɗa, samari sun yi cincirindo kowa da ɗan katinsa a hannu. Su ne masu tura waƙoƙi. Ƴan uwanmu na tsallaken iyaka suna kiran katin memori, mu a nan mukan ce kart memwar, amma dai abu ɗaya ne, kuma shi ne ya gaji kaset da faifan CD a motocin haya, da teburan mai shayi, da ƴan rediyoyin da manoma ke ratayawa a gona.

Sana'ar tana ciyar da gidaje da dama. To sai dai akwai wata cuta da ke cin ta a hankali, wadda masu ita ba su cika kula da ita ba, wato lalacewar sunayen waƙoƙi. Ka buɗe kwamfutar mai turi ka ga waƙa dubu goma ko fiye, amma da yawansu ba su da suna sai "Track 01" ko "Piste 01", wasu kuma dogayen lambobi ne irin su AUD-20230415-WA0012, a wurin sunan mawaƙi kuwa an rubuta ba a san shi ba. Ɗan kasuwar da ya cika shago da buhunhuna iri ɗaya, babu rubutu a kan ko guda, ya san wahalar da zai sha ranar da mai saye ya ce gero yake so ba dawa ba.

Abin da ya same ni

Kafin in ga laifin kowa, bari in fara da nawa. A gidan rediyon karkara da nake aiki, mun ɗauki shekaru muna juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Masu sauraro ne ke kawo mana aro, mu kwafa mu mayar musu. Wata rana wuri ya ƙure mana, sai na zauna rage kaya. Na tarar da fayil uku masu suna kusan iri ɗaya, duka an rubuta Bakandamiyar Shata. Ban saurara ba, na bar guda, na goge biyu.

Bayan wata biyu wani dattijo ya aiko a sa masa wadda ya taɓa ba mu aro, wadda aka ɗauka a filin wasa, ana jin hayaniyar jama'a a ciki. Na sa wadda ta rage, ya aiko cewa ba ita ba ce. Muka nemi kaset ɗinsa na asali, ashe zare ya riga ya tsinke, yara sun ƙarasa shi. Da a ce tun ranar da aka kwafa an rubuta inda aka samo ta da abin da ya bambanta ta da sauran, da ban taɓa ta ba. Tun daga ranar na ɗauki gyaran sunaye da muhimmanci, kuma abin da na koya shi ne nake son in baje wa abokan sana'a na kasuwa.

Kowace waƙa suna biyu gare ta

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, waƙar MP3 tana ɗauke da suna a wuri biyu. Akwai sunan waje, wanda ake gani idan an buɗe folda, ko dosiye kamar yadda wasunmu ke cewa. Wannan kamar rubutun bayan buhu ne. Sannan akwai shaidar ciki, wadda masana ke kira tag, ita kuma kamar takarda ce da aka jefa cikin buhun kafin a ɗinke. A cikinta ake rubuta sunan waƙa, da na mawaƙi, da na kundi, da shekara, da lambar jeri, wani lokaci har da hoto.

Su biyun ba su bin juna. In ka canza sunan waje, shaidar ciki tana nan yadda take. Shi ya sa za ka ga mai turi ya ɓata yini yana gyara sunaye a folda, amma da mai saye ya sa katin a wayarsa sai tsohon shirmen ya sake fitowa, domin yawancin wayoyin zamani shaidar ciki suke karantawa. Ƙananan rediyoyi da wasu na'urorin mota kuma sunan waje kaɗai suke nunawa, wasu ma lamba kawai. Saboda haka gyara bai cika ba sai an yi duka biyun.

Shaidar cikin nan tana da tarihi. Samfurin farko, mai suna ID3v1, ya fito a shekarar 1996, kuma ɗan wuri ne ƙarami a ƙarshen fayil, inda sunan waƙa da na mawaƙi da na kundi kowanne ba ya wuce harafi 30. Alal misali, in ka rubuta Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina, haruffa 33 ke nan har da tazarar da ke tsakani, sai na'ura ta datse shi a "Kats". A 1998 aka fito da samfuri na biyu, ID3v2, wanda ke zama a farkon fayil kuma yake ɗaukar dogon rubutu da hoto. Shi ma yana da rassa: 2.3 na shekarar 1999 da 2.4 na shekarar 2000. Duk da cewa 2.4 ne ƙarami a shekaru, 2.3 ne na'urori suka fi ganewa, musamman tsofaffin rediyoyin mota.

Ta ina ɓarnar ke shigowa?

Hanya ta farko ita ce juye faifai. Faifan CD na kiɗa yawanci ba ya ba kwamfuta sunan komai, sai ta lakaba wa waƙoƙin lamba ɗaya, biyu, uku. Wanda ya juye faifai ɗari bai gyara ba, ya tara "Track 01" guda ɗari.

Ta biyu ita ce WhatsApp, wadda ta saba sauya sunan sautin da aka turo da kwanan wata da lamba. Saƙon murya kuma ba ma MP3 ba ne, wani samfuri ne mai suna opus. Wasu kan goge wannan wutsiyar su rubuta mp3 a wurinta da zaton sun juya shi. Hakan bai canza komai ba, rediyon da ba ya karanta shi ba zai karanta ba. Sai an bi da shi ta manhajar juya sauti.

Ta uku ita ce shafukan intanet da ake sauko da waƙoƙi, waɗanda ke cusa sunansu a gurbin mawaƙi da na kundi, har su manna tallarsu a wurin hoto. Ta huɗu kuwa mu ne da kanmu. Wasu masu turi kan share sunan mawaƙi su sa sunan shagonsu da lambar wayarsu, sai mai saye ya ga waƙa dubu duk a ƙarƙashin mutum ɗaya wanda bai taɓa rera ko baiti guda ba. Talla ba laifi ba ce, amma tana da gurbinta: a cikin shaidar akwai filin sharhi, nan ya kamata sunan shago ya zauna.

Akwai ta biyar, wadda ta shafe mu mazauna iyaka fiye da kowa, wato rubutu iri biyu. Wanda ya yi lakwal zai rubuta Chata, wanda ya yi boko a Najeriya ya rubuta Shata. Wannan ya rubuta Saadou Bori, wancan Sa'adu Bori. Haka Maazou Dan Alalo da Ma'azu Ɗan Alalo, haka Dan Gourmou da Ɗan Gurmu. Ɗanƙwairo kaɗai ana iya samunsa da rubutu huɗu ko biyar a kwamfuta guda. Mutum ya san duk ɗaya ne, amma na'ura ba ta sani ba, a wurinta mawaƙa biyar ne daban, kuma in ka nemi guda ba za ta kawo maka sauran ba.

Asarar da ba a lissafawa

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci, wato mai lamba 128, tana cin kusan mega ɗaya a kowane minti. Kati mai giga 8 zai ɗauki waƙa kusan 1,500 masu tsawon minti biyar. In a cikin kowace biyar guda maimaici ce, mai saye ya biya kuɗin 1,500 ya tafi da 1,200. Direban da ya taso daga Damagaram zuwa Kano ya ji waƙa ɗaya sau uku kafin ya kai Matamaye, ya san rumfar da ba zai koma ba.

Sai kuma lokaci. Ranar kasuwa mota ba ta jiran kowa. Mai saye ya ce a sa masa Barmani Coge da Haruna Uji, mai turi ya shiga buɗe waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya yana saurare, layi na ƙaruwa, na baya su gaji su wuce gaba. Ga kuma abin kunya da kan faru idan ba a raba kaya ba: dattijo ya ce a cika masa da karatu da wa'azi, yana tsakiyar sauraro cikin mutane sai waƙar soyayya ta faɗo.

Asarar da ta fi waɗannan ita ce ta mawaƙin kansa. Akwai misali a nan gida. A shekarar 2008 mawaƙin nan na Nijar mai kaɗa jita, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Waƙoƙin suka bi wayoyi da katuna suka watsu har arewacin Mali. A can Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya kwafi waƙoƙi daga wayoyin mutane, a 2011 ya fitar da wasu a faifai ta kamfaninsa Sahel Sounds, har da waƙar Mdou Moctar mai suna Tahoultine. Babban aikin da ya sha shi ne gano masu waƙoƙin domin a biya su haƙƙinsu, saboda fayilolin sun yi ta yawo hannu zuwa hannu babu cikakken bayani. Da aka gano Mdou Moctar, ƙofa ta buɗe masa, ya zagaya Turai da Amurka yana wasa. Mai karatu ya tambayi kansa, mawaƙa nawa ne muryarsu ta kai nesa, sunansu ya tsaya a hanya?

Yadda ake gyaran

Matakin farko, kafin a taɓa komai, a kwafe dukan tarin zuwa wani wuri daban, ko wani babban filas, wanda muke kira kile, ko wata kwamfutar. A cire shi a ajiye a gida. Manhajar gyara tana iya canza suna dubu cikin ƙiftawar ido, haka kuma take iya ɓata dubu. Wanda yake da ajiya, kuskure ba ya sa shi kuka.

Na biyu, a zauna da biro da littafi a yanke wa kowane mawaƙi rubutu guda. In Shata ne, Shata ke nan har abada, in an zaɓi Mamman Shata to kada gobe a ga Dr Shata ko Alh. Mamman. Laƙabi irin su Alhaji da Dokta da Hajiya gara a bar su a waje, domin in an sa su a gaba, rabin mawaƙa za su taru a ƙarƙashin harafin A. Duk yaron shagon da zai taɓa kwamfuta ya bi wannan littafi.

Na uku, a raba folda bisa yadda masu saye ke tambaya: waƙoƙin gargajiya, na fina-finai, na zamani, na siyasa, na Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, sannan karatu da wa'azi a nasu wuri can daban. A cikin kowace, mawaƙi da foldarsa.

Na huɗu, a gyara shaidar ciki. Akwai manhaja mai suna Mp3tag, kyauta ce a kan Windows, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ana iya juya ta zuwa Faransanci ko Turanci. Da ita ana iya zaɓar waƙa ɗari biyu na mutum ɗaya a rubuta sunansa sau ɗaya ya hau kansu duka, a kuma cire hotunan talla a tashi guda. Akwai wata mai suna Kid3 da ke irin wannan aiki. A saita manhajar ta riƙa rubuta samfurin 2.3.

Na biyar, a bar manhajar ta ɗauko abin da ke ciki ta rubuta sunan waje da shi, bisa tsari guda: sunan mawaƙi, ɗan layi, sunan waƙa. In kuwa sunayen waje ne masu kyau, na ciki ne suka lalace, tana iya yin akasin haka. Inda jeri ke da muhimmanci, kamar tafsiri ko wasan kwaikwayo mai kashi-kashi, a sa sifiri a gaban lamba: 01, 02, 03. In ba haka ba, na'urori da yawa za su jera 1, 10, 11, 12 kafin su zo kan 2. In kashin ya wuce 99, a fara da 001.

Sai batun haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Tsohon tsarin rubutun da samfurin farko ke amfani da shi bai san su ba, shi ya sa suke komawa alamar tambaya ko ɗan akwati. Shawarata ita ce a rubuta su daidai a shaidar ciki, domin samfuri na biyu yana iya ɗaukarsu, amma a sunan waje a yi amfani da k da d da b zalla, saboda ƙananan rediyoyi, kuma saboda mai nema ba ya wahalar da kansa da ƙugiya. A kuma sani Windows ba ta yarda da wasu alamomi a sunan fayil ba, kamar alamar tambaya, da ɗigo biyu, da tauraro, da karkataccen layi.

Abu biyu na ƙarshe sun shafi katin mai saye. Yawancin ƙananan rediyoyi ba sa bin jerin haruffa, suna bin yadda aka zuba waƙoƙin ne, wadda ta fara shiga ita ke fara fita. Saboda haka in mai saye na son wani jeri, a zuba folda ɗaya bayan ɗaya. Sannan katunan da ba su wuce giga 32 ba suna zuwa da tsarin FAT32 wanda kusan kowace na'ura ta sani, masu giga 64 zuwa sama kuma suna zuwa da exFAT wanda tsofaffin rediyoyi da dama ba sa karantawa. Sau da yawa akan zargi mai turi da ba da kati marar kyau alhali matsalar daga nan take.

A yi hattara da maimaici

Nan ne na faɗi, nan kuma nake jan kunne. Waƙar zamani da aka yi a situdiyo, in ka same ta sau uku da tsawo ɗaya, ka bar wadda ta fi inganci ka goge sauran. Amma mawaƙan gargajiya ba haka suke ba. Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban, kowane lokaci da abin da zai ƙara ko ya rage gwargwadon waɗanda ke zaune a wurin. Haka Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, haka Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Fayil biyu masu suna ɗaya na iya zama wasa biyu da shekaru suka raba. Bugu da ƙari, suna ɗaya na iya zama na mutum biyu: Shata yana da Bakandamiya, Narambaɗa ma yana da tasa.

Don haka kafin a goge, a dubi tsawon minti. In ya bambanta, a saurari farko da tsakiya da ƙarshe. In an tabbata ba ɗaya ba ne, a ƙara bayani a ƙarshen suna, kamar ta filin wasa, ko ta gidan rediyo, ko doguwa da gajera. Abin da ake shakka a kansa a tura shi wata folda ta jira, kada a goge.

Na'ura ba ta san kowa ba

Akwai manhajojin da ke saurarar waƙa su nemo sunanta a intanet, irin su Shazam da MusicBrainz Picard. Suna taimakawa a kan waƙoƙin da aka fitar ta hanyar kamfanoni, amma abin da aka juye daga tsohon kaset na kasuwa sau da yawa ba ya cikin rumbunsu, wani lokaci ma su lakaba sunan da ba shi ba. Kada a bar su su rubuta komai sai an duba da ido.

Rumbunmu na gaskiya yana zaune a bakin kasuwa. Tsofaffin masu sayar da kaset, da direbobin da suka tsufa a hanya, da maroƙa, da mahauta masu son waƙar dambe, suna jin kiɗa na daƙiƙa biyar su gaya maka mai shi. Kunnensu na raba kalangun Shata da kotson Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya, da gurmin Haruna Uji, da ƙwaryar Barmani Coge. Waƙar fada kuma takan ambaci sarkin da aka yi wa, daga nan a gane zamaninta. Mai turi ya buɗe folda guda ta waɗanda ba a gane ba, ranar da kasuwa ba ta ci ya kira ɗaya daga cikin dattawan nan, ya saya masa shayi da goro, ya ce Baba a taimaka a saurara. A rubuta abin da ya tabbatar, abin da ya yi shakka a bar shi babu suna, domin sunan ƙarya ya fi rashin suna ɓarna: da zarar ya shiga kati ɗari, babu mai iya kamo shi. Shekara ma haka, in ba a tabbatar ba a bar gurbin fayau.

Aikin ba na yini ɗaya ba ne. Wanda ya gyara waƙa hamsin kullum bayan an tashi kasuwa, cikin wata bakwai ya gama dubu goma. Abin da zai hana a koma gidan jiya shi ne doka guda: sabuwar waƙa ba ta shiga babban tari sai an gyara sunanta ciki da waje, kamar yadda ba a shigar da buhu sito sai an yi masa shaida.

Waɗannan dattawa da ke gane murya ba za su dawwama ba, kaset ɗin ma kullum ƙarewa yake. Nan gaba abin da yaranmu za su sani game da Ɗan Gurmu da Ɗan Alalo da Sa'adu Bori, mafi yawansa zai fito ne daga abin da masu turi suka rubuta a kwamfutocinsu na bakin tasha. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kuma ba da haƙurin gyara.